Jan Farce a Gindin Langa

Duk matar da aka yi wa biki a tsohon garin Sakkwato cikin 'yan shekarun nan ta san Tabita mai bidiyo, in ba ta riƙe sunan ba ta riƙe siffar. Doguwa ce, baƙa, siririya, mai tabarau, da ƙaton mayafin da take ɗaurewa a ƙugu idan aiki ya kankama. Jakar kyamara ta sa kafaɗarta ɗaya ta ɗan karkace. Kirista ce, 'yar Malam Irmiya tsohon malamin firamare, amma idan ta buɗe baki sai ka rantse kakanninta ne suka haƙa rijiyar farko a garin. Ta taɓa zuwa Kano sayen batir, ta ce wa mai shago, "Nawa na wanga?" Mutumin ya kwashe da dariya ya ce lallai Basakkwaciya ta sauka. Ta fi jin daɗin wannan tsokanar a kan ragin da ya yi mata.

Abincinta yana inda maza ba sa iya kaiwa. Mai ɗaukar hoto namiji iyakarsa zaure, Tabita kuwa har ƙuryar ɗaki, inda ake cire mayafi, inda tsofaffi ke taka rawar da ko 'ya'yansu maza ba su san sun iya ba. Irin wannan wuri ba a shigarsa da gwaninta, sai da wanda ya tsaya maka. Wadda ta tsaya wa Tabita ita ce Inna Sadiyatu ta Ƙofar Taramniya, kuma abin da ya haɗa su, Tabita ta girme shi da kwana kaɗan ne kawai.

Lokacin da Malam Irmiya ya zo daga kudancin Kaduna da amaryarsa Rifkatu, ɗaki biyu suka kama haya a jikin gidan Malam Maigandi, babban malamin da ake zuwa wurinsa neman fatawa da rabon gado. Inna Sadiyatu ita ce matarsa, ita ma tana karantar da matan unguwa da hantsi. Da Rifkatu ta haifi Tabita, ba uwa ba gwaggo a kusa, Inna ce ta hura mata wutar wankan jego, ta kuma aika mata da kunun kanwa a cikin wata langa fara mai shuɗin baki da zanen fure a murfi. Rifkatu ta ji kunyar mayar da kwanon mutane wayam, sai ta cika shi da faten acca irin na garinsu. Daga ranar langar ba ta sake tafiya ba komai a cikinta ba. Da Sallah ta fito da masa da miyar taushe, da Kirsimeti ta koma da shinkafa da kazar da Malam Irmiya yake kai wa maƙwabcinsa Musulmi ya yanka. Tsakanin bukukuwa kuwa ba a rasa dalili, ko sabuwar gyaɗa ce, ko zogale ya yi yawa.

Matan tsohon gari suna da wata al'ada. Kowace tana yi wa kwanukanta shaida a gindi da jan farce ko fenti, domin ranar biki kwanukan unguwa gaba ɗaya suke haɗuwa wuri guda, kuma idan an gama wanke-wanke sai a kifa su a tsakar gida kowa ta tsinci nata. Matar da ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba za ta karanta maka gindin kwano daga nesa ta gaya maka gidan da ya fito. Shaidar Inna ɗigo uku ce ta jan farce a jere. Wata shekara, cikin wasa, Rifkatu ta ce langar nan ai ta fi kwana a ɗakinta, don haka ita ma tana da haƙƙi, ta lakaci shuɗin fentin da mijinta ke shafa wa ƙofa ta yi ɗan zagaye kusa da ɗigon ukun. Inna ta yi dariya har da hawaye. Matan unguwa suka raɗa mata suna langar Kirsimeti, kuma babu irinta biyu a Ƙofar Taramniya.

Ko da Malam Irmiya ya gina ɗan gidansa a Gawon Nama suka tashi, langar ba ta fasa zirga-zirga ba. Ɗahiru mai babur ɗin kabu-kabu ne ya gaji ɗaukarta, ɗaure cikin tsumma mai tsabta, tun yana saurayi har furfura ta fito masa. Da ciwo ya kwantar da Rifkatu, Tabita ta bar karatun da take yi ta dawo jinya. Ta juya uwarta, ta wanke ta, ta ba ta abinci a baki har Allah ya karɓi abarsa. Bayan an share makoki Inna ta kira ta, ta ga tsohuwar kyamarar da take wasa da ita, ta fara jan ta gidajen biki. Idan mata suka fara jan mayafi suna kallon baƙuwa, sai Inna ta ce, "Ku saki jikinku, wagga ɗiyata ta. Abin da duk tag gani, nan shika tsayawa." Wannan maganar ita ce jarin Tabita, kuma ita ce uwar da ta rage mata.

Sai dai bidiyon biki cikinta kawai yake cikawa. Abin da ke ranta daban ne. Tana yin wasu 'yan gajerun finafinai nata na kanta, marasa labari, marasa waƙa, waɗanda ba wanda ya sa ta. Na farko takalman mata ne kawai a ƙofar gidan suna, yadda suke taruwa, yadda ake tattaka su, yadda wata ke zuwa ta saɓule tsohon silifa ta zura sabo na mutane ta wuce abinta. Na biyu inuwar taɓarya ce a jikin bango. Maƙwabtanta na Gawon Nama, waɗanda suka saba da fim mai soyayya da rawa, suka kalla suka ce yaushe za a fara. Mahaifinta ya gyara tabarau ya ce, "Ya yi kyau. Amma mutanen suna ina?" Tabita takan yi murmushi, amma abin yana ci mata rai. Tana so wata rana wani wanda ya san abin ya kalla ya ce ta iya, kuma wannan son ya yi mata yawa fiye da yadda ita kanta ta sani.

Fim na uku daga jinyar uwarta ya fito. Ta san akwai mata birjik a garin nan da ke bayan labule suna jinyar miji ko uwa ko suruka, shekara da shekaru, ana shigowa a gaida mara lafiya a wuce su kamar turmi. Ta ƙudura za ta ɗauki hannuwansu kawai suna wanke kwanon majiyyaci, su faɗi abin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Ba fuska, ba suna. Muryar ma ba tasu za a ji ba, Blessing ta ƙungiyar mawaƙan cocinsu ce za ta maimaita kalmomin. Ta sami mata huɗu a unguwanni daban-daban. Ba ta taɓa tunanin tambayar Inna ba, ko da yake ta san abin da ke gidan.

Abin da ke gidan kuwa shi ne gigin tsufa ya kama Malam Maigandi. A waje cewa ake ya shiga halwa, ya daina ganin mutane. A ciki, mutumin da ya raba gadon rabin unguwa ba ya gane hanyar bayan gida. Karatu bai bar bakinsa ba, yana iya jan sura tiryan-tiryan, amma sai ya idar da salla ya tambaya ko an kira. Ba ya karɓar loma daga hannun kowa sai na Inna, ita ɗin ma bai san ko wace ce ba. Daga ita sai babban ɗansu Saifullah, wani babba a ma'aikatar gwamnati da ke zaune a Sama Road, sai Tabita da ba a yi wa shamaki, su ne suka san gaskiya. Saifullah ya fi kowa tsananta rufin asirin, domin ya san bakin mutane. Ba za su ce tsufa ne ba, cewa za su yi Malam ya taɓu.

Inna ce da kanta ta tayar da maganar, ranar da Tabita ke ba ta labarin fim ɗin.

"Ni ba ki aza ni ciki?" in ji ta.

Tabita ta ɗauka wasa ne. Da ta dubi idon tsohuwar sai ta ga babu wasa a ciki.

"Cikina ya cika, Tabi," Inna ta ce. "In ban amaye shi ba, kashe ni za shi yi. Amma ki jiya da kyau. Ba a ganin huskata, ba a jin muryata, kuma ba a gwada shi Sakkwato. In wani yag gane, kin kashe mu ni da Malam."

"Inna, na yi maki alkawari. Ko Yaya Saifullah yak kalla ba shi ganewa."

Ta yi ƙoƙari, a ba ta wannan. Ta zo da tabarmar roba sabuwa irin wadda ke kowane gida, ta shimfiɗa a bayan madafa inda bango ba shi da wata alama. Ta cire wa Inna zoben azurfarta, ta jira har lallen hannunta ya goge, ta sa mata baƙar riga mai dogon hannu. Da hantsi ne, Malam yana barci. Inna ta jawo wani kwanon silba ta fara wankewa, sai rana ta riƙa dukan silbar tana kashe hoton. Tabita ta ɗaga kai tana neman wani kwano, idonta ya faɗa kan langar, tana kife a kan randa.

"Inna, ɗauko waccan. Ta hi shan haske."

Inna ta ɗauko ba tare da tunanin komai ba, hankalinta yana kan abin da za ta faɗa. Ta zuba ruwa, ta ɗebi toka da soso, ta fara magana a hankali, kanta a sunkuye.

"Tun da ciwon ga yas same shi ban yi kwana ba wada mutane ka yi. Bai san ni ba. Shekaranjiya yac ce in kira mai matatai. Nic ce ga ni. Yad dube ni yac ce a'a, matata yarinya ta kyakkyawa, ke wace tsohuwa ta? Nit tahi bayan ɗaki niy yi kuka, nid dawo nib ba shi hura." Ta kifa langar ta shiga cuɗa gindinta. "Wata rana ina wankin kwanonai sai in ji bakina na cewa, ya Allah ka ɗauki bawanka tun da sauran mutuncinai. Kuma wallahi ban sani ba, don shi nika roƙo, ko don ni."

Da ta gama sai ta yi ajiyar zuciya, ta ce ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ƙirji. Har dariya ta yi, ta ce a zuba wa mai hoto fura.

Kada wani ya ce Tabita ba ta gani ba. Ta gani. Ranar da ta zauna gaban kwamfuta tana haɗa fim ɗin, hoton ya tsaya mata cak: tsofaffin yatsu, toka tana narkewa, ruwa yana gangarowa ta kan ɗigo uku ja da ɗan zagaye shuɗi, daidai lokacin da maganar ta kai inda ta fi ciwo. Ba ta taɓa ɗaukar abu mai kyau irinsa ba. Ga hannun Inna, ga fentin uwarta da ke kabari, duk a wuri ɗaya. Ta gwada yanke wurin, fim ɗin ya zama lami. Ta gwada dusashe shaidar, hoton ya yi kama da ƙazanta. Sai ta fara yi wa kanta huɗuba, irin wadda mutum ke yi idan ya riga ya yanke abin da zai aikata. Ai ba a Sakkwato za a nuna ba. Wa ya san gindin langa a Legas? Ta mayar da hoton yadda yake, ta ci gaba da aikinta.

Wani bikin nuna gajerun finafinan mata ya karɓi fim ɗin. Da Kirsimetin shekarar ta cika langar da kaza biyu don murna, Ɗahiru ya kai. Bayan sabuwar shekara ta hau mota zuwa Legas. A can ta sami abin da ta daɗe tana yunwa. Aka yi tsit a zauren, aka tafa, wata ta rungume ta tana hawaye. Wani mai gemu da gilashi ya miƙe ya yi dogon Turanci, ya ce ɗigon nan uku ja jinin mata ne da aka daɗe ana zubarwa a ɓoye, shuɗin zagayen kuma kurkukun da aka kulle su. Jan farcen kasuwa ne da ragowar fentin ƙofa, amma Tabita ta gyaɗa kai kamar dama abin da ta nufa ke nan. Da masu bikin suka ce za su yanki ɗan guntu su sa a intanet don talla, kanta ya riga ya kumbura, ta ce ba komai. Ba ta ma tambayi wane guntu ba, alhali ko yaro ya san wanda za su zaɓa.

Kafin motarta ta wuce Kontagora a hanyar dawowa, guntun ya riga ta isa gida. Wata ɗaliba ta gani ta tura wa yayarta don alfahari, wai ga 'yar Sakkwato ta yi abin kirki. Yayar ta tura zauren matan unguwa na waya. Ba wadda ta tsaya sauraron muryar Blessing da farko. Ido suka zuba, kamar yadda suka saba a tsakar gida bayan biki, suka ce, "La! Langar Kirsimeti!" Sannan suka mayar da shi farko suka kasa kunne.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya san gari. Halwar Malam ta zama abin ƙus-ƙus a majalisa da bakin masallaci. Waɗanda rabon gadonsa bai yi musu daɗi ba shekaru da suka wuce suka fara tambayar tun yaushe kan nasa ya juye. Matan da Inna ta koya wa alwala da bakinta, waɗanda da yawansu sun yi irin addu'ar tata a asirce a kan nasu majiyyatan, su ne suka fi kowa salati da riƙe haɓa. Mace ta roƙa wa mijinta mutuwa, mijin ma Malam! Ba wadda ta maimaita kukan bayan ɗaki, ba wadda ta maimaita furar.

Tun a hanya labarin ya riski Tabita ta waya, don haka da ta sauka daga mota ko gida ba ta je ba ta nufi Ƙofar Taramniya. Gidan da take shiga ba sallama tun tana rarrafe, ranar ta tarar da Saifullah tsaye a bakin zaure, ya cika ƙofar.

"Yaya, ina wuni. Inna nika son gani."

"Da kyamara ko ba kyamara?"

"Yaya, don Allah. Na sa an cire shi. Tun jiya anka cire."

"An cire daga ina? Daga wayar wa?" Muryarsa ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi zagi ciwo. "Tabita, cikin gidan ga anka yanke maki cibiya. Mutanen gari sun sha ce muna mu yi hankali, munka ce ke tamu ta. Tsohon ga da kika gani, bai taɓa hana ubanki komi ba. Mi yay yi maki?"

Ya ce ta tafi, kuma kada ta sa ya faɗi abin da zai ɓata tsakaninsa da Malam Irmiya.

Dangin Malam suka yi zama. Ƙannensa suka ce matar da bakinta ya furta wannan magana ba za a bar mata kwanon abincinsa ba. Saifullah bai yarda uwarsa za ta cuci ubansa ba, amma kunya ta riga ta rufe shi, kuma yana so ya ɗauke tsohon daga idon masu leƙe da suka fara sintiri da sunan gaisuwa. Aka sa Malam a mota aka kai shi Sama Road, ɗaki mai sanyi da gado na asibiti da ma'aikacin jinya da ya san aikinsa. Inna aka bar ta a gida, wai ta huta. Malam kuwa ya rufe bakinsa gam, ya ƙi karɓar abinci. Ma'aikacin ya yi lallashi, matar Saifullah ta yi, jikoki suka yi, ya kawar da kai yana kallon ƙofa. Sai da jiki ya zube sannan girman kai ya sauka aka aika a ɗauko Inna. Ta iso ta tarar ana rufe shi da mayafi. Ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi aka kai shi makwanci.

Tabita ta je ta'aziyya, domin rashin zuwan ya fi zuwan muni. Ranar ba mai tsare ƙofa. Tsakar gida cike da matan da ta ɗauki bikin 'ya'yansu, ba wadda ta matsa mata a tabarma. Ta ratsa su ta shiga ɗaki ta durƙusa gaban Inna, wadda ta rame har zoben azurfar yana yawo a yatsarta.

"Inna, ya haƙuri? Allah shi gafarta ma Malam."

"Amin. Mun gode."

Haka take amsa wa kowa. Tabita ta matsa kusa. "Inna, ki yahe mani."

Tsohuwar ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda su biyu kawai za su ji. "An ce hoton ya yi kyau." Ta ɗago ta dube ta. "Kin tuna da zobena. Kin tuna da lallena. Abu guda nika son ki hwaɗa mani, Tabi. Da kina haɗa abinki, kin ga shaidar, ko ba ki gane ta ba?"

Ƙarya ɗaya ce tsakaninta da gafara, kuma Inna za ta karɓa, don tana neman abin da za ta riƙe. Tabita ta buɗe baki, ta kasa. Ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma.

"Tau," in ji Inna. Ta juya ga matar da ke bayanta ta amsa gaisuwarta.

Tun daga nan tsohon gari ya rufe wa Tabita ƙofa ba tare da kowa ya ce ya rufe ba. Bukukuwan bayan Sallah da aka riga aka yi mata magana, ɗaya bayan ɗaya aka ce an sami wata. Ta koma ɗaukar taron ofisoshi, inda maza ke karanta jawabi suna gyara hula, da bikin yaye ɗalibai. Daga waje kuwa saƙonni suna ta shigowa, ana gayyatar fim ɗin wasu ƙasashe, ana kiranta jaruma mai ba marasa murya murya. Ta hana a sake nuna shi ko'ina. Wannan bai dawo da komai ba, ita ma ta sani.

Malam Irmiya ne kaɗai bai yanke ƙauna ba. Ya yi wa 'yarsa faɗa sau ɗaya, faɗa mai zafi, daga nan ya koma ba ta baki. Ya ce ya san Inna tun kafin a haifi Tabita, ba ta iya riƙo ba. A bari Sallah ta zo, in ji shi, langa tana wurinta tun Kirsimeti, kuma langar nan ba ta taɓa saɓa alkawari ba. Tabita ta kama maganar ta riƙe. Duk tsawon azumin abin da take jira ke nan.

Ranar Sallah da hantsi, bayan an sauko daga idi, suka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Tsohon ya miƙe daga kujerarsa da saurin da ya daɗe bai yi ba, baki har kunne.

"Ba na gaya maki ba? Tana cikin takaba ma ba ta manta da mu ba. Kawo ruwa in wanke hannu."

Tabita ta fita da gudu ba ko takalmi. Ɗahiru ne, da ƙunshin a cikin tsumma mai tsabta kamar kullum. Ta yi masa barka da Sallah, ya amsa yana kallon tayar babur ɗinsa. Shi da kan tsaya ya sha ruwa ya yi barkwanci da Malam Irmiya, ranar ko injin bai kashe ba. Ya miƙa mata ya ja abinsa.

Tun a hannu ta ji. Ta saba sa hannu biyu ta tallabe saboda nauyi da zafi, yau ƙunshin ya taso mata sakayau, da sanyinsa. Ta tsaya a soro ta kwance tsumman, ta ɗaga murfin. An wanke ta tas, an goge, ko ƙanshin miya babu. Ta kifa ta. Shuɗin zagayen uwarta yana nan shi kaɗai. Kusa da shi, inda ɗigo ukun suke, an sa wuƙa an kankare har farin ya tashi, baƙin ƙarfe ya fito.

Hasken hantsi ya shigo ta ƙofar soro ya sauka daidai kan kankararren wurin. Kafin hawaye ya zo mata, sai da idonta ya auna inda za a kafa kyamara. Ta kama kanta tana yi, ta ji ta tsani idon nan nata kamar ta ƙwaƙule shi.

Daga tsakar gida mahaifinta ya ɗaga murya, yana yarfe ruwan hannunsa.

"Tabita! Me kike yi ne a nan? Kawo mana tun da zafinta."